Zafin rufin kwano a Legas: takardar alminiyam ko audugar gilashi?

Malam, ka ce ɗakinka na saman bene a Agege kamar tanda yake da azahar, kuma kafinta ya ce ka zaɓa: ko takardar alminiyam mai sheƙi da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, ko audugar gilashi, wato abu mai kama da auduga da ake yi da zaren gilashi, da ake ɗorawa bisa silin.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Kwano idan ya sha rana, huci yake watsowa ƙasa kamar garwashi. Takardar tana mayar da wannan hucin, fiye da kashi 90 cikin ɗari idan sabuwa ce. Amma da sharaɗi: sai an bar sarari, kamar inci 1, a gefen da ke sheƙi. In aka matse ta ba iska ta kowane gefe, kuɗinka sun tafi a banza. Ƙura ma tana dushe ta, don haka ka tsaya a kan kafinta ya juya sheƙin ya kalli ƙasa.

Audugar kuwa iska take riƙewa cikin zarenta, sai zafi ya rasa hanyar saurin wucewa. Mai kaurin santimita 10 ta fi mai 5 nesa ba kusa ba. Ba ta kama wuta da sauƙi, tana rage ƙarar ruwan sama a kan kwano, kuma tana riƙe sanyin esi. Tun da aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun lantarki, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da a Kano ko Sakkwato kake, da ban yi dogon bayani ba. Amma Legas garin laima ne. Ruwan Yuni da Yuli ba ya ɗaga wa rufi ƙafa, ƙusa ɗaya ta yi tsatsa yoyo ya samu. Audugar nan in ta jiƙe kwantawa take yi, amfaninta ya ragu, ta tsare danshi bisa silin har ya yi baƙi, katako ya fara ruɓewa, kai kana ƙasa ba ka sani ba. Ɓeraye ma suna son sheƙa a cikinta. Takardar ba ruwanta da danshi, ga sauƙin kuɗi.

Ni dai, in fanka kake amfani da ita, takardar ta ishe ka. In kana kwana da esi kuma ka tabbata rufinka ba ya yoyo, haɗa su biyu. Mai sa audugar ya rufe hanci ya sa safar hannu, don tana sa ƙaiƙayi.

Kada wani ya ce ka cusa farin soson kwalin firiji a silin. Yana cin wuta, hayaƙinsa guba ne, kuma yana lalata robar wayar lantarki in sun daɗe a manne.

Ko wanne ka saya, a bar kafar iska a bakin rufi, a sa mata raga saboda jemagu.