Sharhi kan Casio fx-991ES Plus wajen lissafin jifa

Ga ɗalibin fiziks da ke fama da lissafin abin da aka jefa ko aka harba, amfanin wannan kalkuleta yana cikin MODE 5, wato EQN, sashen warware lissafi. Ka danna 3, sai ta buɗe gurabe uku na a, b da c na lissafin aX² + bX + c = 0, kana shigar da kowanne kana danna =. Ka sake danna =, nan take za ta ba ka amsa ta farko X1, ka ƙara dannawa ta ba ka ta biyu X2. Ƙanwarta fx-82ES Plus ba ta da wannan sashe, don haka a duba lambar da kyau kafin a biya kuɗi.

Ga gwaji. An jefa dutse daga saman bene mai tsayin mita 15, da gudun mita 20 a sakan, a kusurwar digiri 30, g, wato ƙarfin jan ƙasa, kuma 10. Gudun da ya nufi sama shi ne 20 sin 30, wato 10. Lissafin lokacin t da dutsen zai kai ƙasa ya zama 5t² − 10t − 15 = 0, inda 5 ɗin rabin g ne. Kalkuleta ta ba da 3 da −1. Sakan 3 ne amsa, tunda −1 lokaci ne kafin jifan. Nisan da dutsen ya ci a ƙasa kuwa 20 cos 30 sau 3, kimanin mita 52. Idan aka sa g 9.8, a ta zama 4.9, amsa ta koma 3.05, amma sai an danna maɓallin S⇔D kafin ta fito a desimal.

Inda na fi ganin rauninta shi ne ba ta gaya maka dalilin amsar da ta bayar. Tambayi lokacin da dutsen zai kai mita 8 sama da benen, sai ka ga amsa ɗauke da ƙaramin harafin i. Ma'anarsa dutsen bai taɓa kaiwa can ba, iyakarsa mita 5. To amma wannan i ɗin ne dai zai fito in ka rubuta 15 maimakon −15 a gurbin c. Ɗalibi ne zai tantance ko dutsen ne ya gaza ko shi ya ɓata alama. Haka kuma ba kullum ake watsar da amsa ɗaya ba: a tsayin mita 3.75 sama da benen ana samun 0.5 da 1.5, duka daidai ne, ɗaya yana hawa, ɗaya yana saukowa.

A kula da ƙaramin D a saman allo, wanda ke nuna ana auna kusurwa da digiri. In R ne a wurin, wato radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, sin 30 zai ba da −0.988, komai ya rushe. SHIFT, MODE, 3 ke gyara shi. Manta rabin da ke cikin ½gt² kuwa ba laifin na'ura ba ne.

Ta cancanci kuɗinta, musamman wajen tabbatar da amsar da aka riga aka yi da hannu, domin mai duba takarda matakai yake ba maki. Jabunta sun yi yawa a kasuwa, saboda haka a gwada 5, −10, −15 a gaban mai shago.