Sharhi kan Aikin Kéré Architecture a Makarantu da Asibitoci

Duk wanda ke neman mai zanen gini da zai tsara masa makaranta ko asibiti a ƙasa mai zafi, ya kamata ya duba aikin Kéré Architecture, kamfanin Francis Kéré ɗan Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu lambar yabo ta Pritzker, babbar lambar yabon masu zanen gini ta duniya. A ganina, babbar gwanintar kamfanin tana wajen rufi.

A makarantar firamare ta Gando, ƙauyen su Kéré a Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001, an gina azuzuwa uku da tubalin laka da aka gauraya da ɗan siminti aka matse. Maimakon a ɗora kwano kai tsaye a kan bango kamar yadda magina suka saba, sai aka ɗaga shi bisa ƙarafa, aka bar fili tsakaninsa da silin na tubali mai kafofin iska. Iska tana shiga ta tagogi, zafi kuma ya tashi ya fice ta ƙarƙashin kwanon, wanda bakinsa ya zarce bango sosai, yana ba da inuwa, yana kuma kare lakar daga ruwan damina. Wanda ya san yadda aji mai rufin kwano yake komawa kamar tanda a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, zai gane darajar dabarar da ba ta buƙatar fanka balle janareta.

Irin wannan tunani aka bi a asibitin tiyata na garin Léo da ke Burkina Faso a 2014, inda aka ƙara faifan sola domin samar da wuta.

Sai dai akwai abin lura. Ginin da yake shan iska yana shan ƙurar hunturu ma, kuma ɗakin tiyata ko ma'ajiyar allurar rigakafi ba za su dogara da iskar taga ba, dole sai da na'ura. Haka nan sauƙin kuɗin Gando ya samu ne saboda mutanen ƙauyen sun yi aikin gayya, abin da ɗan kwangila ba zai samu ba. Duk da haka, ina ba hukumomin ilimi da na lafiya shawarar wannan tsari ga azuzuwa, ɗakunan kwanciya da rumfunan jira, muddin za a fara horar da maginan da za su matse tubalin yadda ya kamata.