Me za ka saya wa ɗan'uwanka kurma da ke zaune a gidan kulawa?

Idan kana da babban mutum kurma a cibiyar kwana, kuma kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, zaɓin bai wuce uku ba: wayar hannu, na'urar ji, ko kayan sana'a. Ni dai waya nake cewa a fara da ita.

Kurma da hannu yake magana, don haka kyamarar gaba ita ce bakinsa. Da kiran bidiyo a WhatsApp yayana, wanda kurma ne da ke zaune a irin wannan cibiya, yake gaisawa da Inna, ya tambayi kuɗin kaya, ya faɗi abin da ke damunsa ba tare da ya jira ma'aikaci ya yi masa tafinta ba. Ba ya jin kiran salla, amma yana sa wayar ƙarƙashin matashi, girgizarta ta tashe shi da Asuba. Saƙon banki yana shigo masa kai tsaye, ya san abin da aka turo, babu mai riƙe masa kuɗi. Tun da ya samu wannan ya daina sunkuyar da kai idan baƙi sun zo. Wajen saye, gwada kyamarar a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, ka motsa yatsu ka gani ko suna fita sarai. Nemi batir mai 5000mAh, ka kuma tambayi cibiyar ko suna da sola ta caji, ko ma suna barin mazauna su riƙe waya.

Keken ɗinki ko kayan dukanci suna da kyau, Sakkwato garin fata ce, amma sai in akwai mai koyarwa da ya iya maganar hannu. In babu, ƙura za su sha.

Na'urar ji kuwa, nan ake cutar mutane. Ta gaskiya sai an auna jin mutum tukuna, a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, sannan a daidaita ta da kunnensa. Wanda sanƙarau ya ɗauke wa ji gaba ɗaya, sau da yawa ba ta yi masa komai. Wani mai shago ya sayar wa gidanmu wata a kwali mai sheƙi, ashe ƙara sauti kawai take yi, tana shewa, yayana ya kwana da ciwon kai. Duk wanda ya ba ka na'ura bai nemi takardar awo ba, ajiye masa kayansa. Ko ta gaskiyar ma gumin watan Afrilu yana lalata ta in ba a busar da ita. Haka masu yawo da lasifika suna tallar ruwan ɗigawa wai yana buɗe kunne: kada ka bari a zuba masa, musamman in dodon kunnen ya huje.

Ranar sayen wayar ka tafi da shi kasuwa, shi zai riƙe ta ya gwada, shi zai zaɓa.