Ra'ayina kan masu ja-gorar yawon ƙafa a gefen tafkin Madarunfa

Akwai wasu matasa a Madarunfa, wani gari da ke kudu da Maraɗi a ƙasar Nijar, da ke ja-gorar baƙi yawon ƙafa a gefen tafki, har su kai su wasu daga cikin kaburburan waliyyai 99 da garin ya yi suna da su. Na bi su da iyalina da rani da damina, kuma na gamsu da aikinsu.

Da zarar damina ta janye a watan Oktoba, sukan fito da adda da shebur, su sare garmani da ƙarangiyar da suka cinye turba, su toshe wuraren da ruwa ya zaizaye da buhunan rairayi. Na ga inda suka karkatar da hanyar ta bayan wani babban gawo domin kada baƙi su tattake gyaɗar wani manomi, suka kuma shafa farin fenti a jikin itatuwa yadda wanda aka bari a baya ba zai ɓata ba.

Abin da ya fi sa na amince da su shi ne ba sa jin nauyin soke tafiya. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake gangarowa ta Jibiya, saboda haka a watan Agusta yana iya kawowa ya malale fadama alhali ko ɗigo bai sauka a wajenmu ba. Shugabansu yakan saurari hasashen yanayi a rediyo, ya kuma bugi waɗanda ke can sama ya ji labarin ruwa, kuma idan hankalinsa bai kwanta ba, babu roƙon da zai sa ya shiga laka da yaran mutane. Wanda ya biya, ko a mayar masa da kuɗinsa cif, ko a sa masa wata rana. A watan Afrilu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba ake tashi a dawo da hantsi.

Inda suka gaza shi ne sanarwa. Ta WhatsApp kaɗai suke aikawa, wani lokaci da safiyar ranar, kuma mu kanmu mun riga mun bar Maraɗi da yara da guzuri kafin saƙon ya shigo. Ya kamata su riƙa yanke shawara tun da dare, su kira kowa a waya, domin yawancin dattawa ba sa duba intanet.

Mai son zuwa ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Janairu, ya sa rufaffen takalmi saboda ƙaya, kuma idan da damina ne ya kira su kafin ya hau mota.