Faifan Florence Foster Jenkins: a saye shi saboda mai fiyano

Sunan faifan The Glory of the Human Voice, da alamomin tambaya huɗu a tsakiyar sunan, don tun daga bango kamfanin RCA Victor ya nuna cewa tsokana ce. A 1962 ya fito, daga baya aka maido shi a CD. Nawa na hannu ne, wani abokina ya taho mini da shi daga Landan, kuma ko kuɗin cin abincin rana ɗaya a can bai kai ba. Sana'ata kaɗa fiyano da haɗa sauti a situdiyo a Kano, don haka da kunnen aiki na saurare shi.

Mawaƙiyar, Florence Foster Jenkins, 'yar Amurka ce, an haife ta a 1868 a garin Wilkes-Barre da ke jihar Pennsylvania. Tana ƙarama fiyano take kaɗawa, ta ma taɓa ci da koyar da shi a Philadelphia. Da mahaifinta ya rasu a 1909 ta gaji dukiya, sai ta juya ga waƙar opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rerawa da waƙa, a New York. Ta kafa ƙungiyarta, Verdi Club, a 1917, tana kama zaure a otal ɗin Ritz-Carlton duk shekara ta yi wa waɗanda ta zaɓa waƙa. Wani ɗan wasan kwaikwayo daga Ingila, St. Clair Bayfield, shi ne abokin zamanta kuma mai kula da harkokinta. Waƙoƙi tara kacal ta ɗauka a rayuwarta, a situdiyon Melotone tsakanin 1941 da 1944, da kuɗin aljihunta, tana da shekara saba'in da ɗoriya. Daga cikinsu aka haɗa wannan faifan.

To, yaya muryar take? Gaskiya ba ta iya ba. Ba na nufin irin kaucewar da muke gyarawa kullum da manhajar Auto-Tune, inda mawaƙi ya ɗan zame a ƙarshen baiti. Ita takan nufi sauti ta sauka a wani wuri dabam, numfashinta ya ƙare a tsakiyar kalma, ta tsaya ta shaƙa, ta ci gaba hankali kwance. Kuma ba ta zaɓi masu sauƙi ba. Ta ɗauko waƙar Sarauniyar Dare ta shahararren mai tsara kiɗa Mozart, wadda ko ƙwararru sai sun yi shiri kafin su hau can ƙololuwarta. A daidai inda ake son murya ta riƙa tsalle tana dira a kan sauti ɗaya bayan ɗaya, abin da ke fitowa daga bakinta 'yar ƙara ce siririya, kamar ta ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba. Yaran situdiyonmu sun yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Ni ma na yi.

Amma abin da ya sa nake ta maimaita faifan shi ne mutumin da ke bayanta yana kaɗa mata fiyano, Cosmé McMoon. Duk wanda ya taɓa yi wa mawaƙin da ba ya bin kiɗa rakiya zai gane wahalar da bawan Allahn nan ya sha. Ku saurari waƙar ƙararrawa ta mai tsara kiɗa Delibes da ke cikin faifan, ku bar muryar, ku bi hannunsa na hagu. Idan ta makara, yana jan kiɗan ya jira ta ba tare da an ji ya tsaya ba. Idan ta yi gaba, ya tsallake ya tarye ta. Wani wurin sai ya ɗan danna sautin da ya kamata ta kama da ƙarfi, yana nuna mata hanya, ita kuwa ta wuce abinta. Ba inda za ka ji ya yi mata ba'a da yatsunsa, alhali da ya so zai iya. A lokacin kuma babu kwamfutar da za a yanka nan a liƙa can, abin da aka yi a ɗakin shi ke hawa faifan garmaho. Na sa wa wani yaro da nake koya wa aiki wannan wurin, na ce masa ya ƙirga bugun. Ya ɗago ya ce, "Oga, ai shi ke bin ta, ba ita ke bin sa ba." Darasin da na yi wata da watanni ina son ya shiga kansa ke nan.

Sautin faifan dai na zamaninsa ne: akwai shuu ɗin garmaho, fiyanon yana can baya kaɗan, amma komai yana fita sarai.

Ƙorafina biyu ne. Na farko, ba duka faifan ne nata ba. An cike ragowar da wasu mutum biyu, Jenny Williams da Thomas Burns, suna rera sassan wata opera mai suna Faust da Turanci. Su ma ba su iya ba, sai dai rashin iyawarsu ba shi da armashi, gundura kawai yake kawowa. Na biyu, yadda aka tallata abin a matsayin kayan dariya zalla bai kwanta mini ba. Masu rubuta tarihinta sun ce ta kamu da tunjere daga mijinta na farko, wanda likita ne, kuma maganin wancan zamani har da zaiba a ciki, abin da kan taɓa jijiyoyi da ji. Wanda ya san wannan, dariyarsa za ta ragu.

Ranar 25 ga Oktoba 1944 ta hau dandalin Carnegie Hall, shahararren zauren kiɗa na New York, tana da shekara 76. Tikiti ya ƙare tun kafin ranar, aka mayar da ɗimbin jama'a daga bakin ƙofa. Wannan karon ba ta iya tace masu shiga ba, 'yan jarida suka samu wuri, washegari suka yi mata kaca-kaca. Bayan 'yan kwanaki zuciyarta ta buga, ta rasu ranar 26 ga Nuwamba.

Wanda dariya kawai yake nema, kada ya ɓata kuɗinsa, waƙoƙin suna nan a YouTube, kuma biyu sun ishe shi. Masu kaɗa fiyano da masu ɗora murya su ne nake ba shawarar su nemi faifan, su saurare shi da abin kunne mai kyau, su tsallake ɓangaren Faust.