Landan a lokacin sanyi: wane tikiti ne ya cancanci kuɗinka?

Idan Disamba ta shigo Landan, rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe takwas na safe, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi. Ranar 21 ga wata, hasken yinin duka bai cika awa takwas ba. Ga yayyafi da ba ya sallama kafin ya sauko, ga iskar kogin Thames mai ratsa ƙashi. Wannan ne ya kamata ka fara sawa a lissafi kafin ka ciro katinka, domin a waɗannan watanni kuɗin tikiti yana saya maka rufi da ɗumi da wurin zama tare da kallon. Shawarata ita ce ka bar yini ga wuraren kyauta, ka tara kuɗinka don dare ɗaya ko biyu masu kyau.

Tun Disambar 2001 aka cire kuɗin shiga a gidajen tarihi na ƙasa da suke karɓa a da, saboda haka manyan cikinsu ba sa neman ko kwabo a ƙofa. Abin da za ka kashe shi ne ƙafa da lokaci, kuma a nan suka bambanta. British Museum, wanda aka kafa a 1753, shi ne kowa yake fara nufa, shi ya sa layin binciken jaka yakan fito har waje, ka tsaya cikin sanyi. Ka yanki tikitin lokaci na kyauta ta intanet tun daga gida, ko ka je ranar Juma'a da ake kaiwa ƙarfe takwas da rabi na dare. Kada ka ce sai ka gama shi a yini guda, ba wanda ya taɓa iyawa. Ka zaɓi ɗaki biyu ko uku. Ɗaki na 25 da ke ƙasa shi ne na Afirka, inda tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897 suke jere, kuma a sama akwai zauren duniyar Musulunci da aka buɗe a 2018.

Ni dai idan aka ce in zaɓi guda don ranar ruwa, V&A zan zaɓa, wato Victoria and Albert Museum da ke South Kensington. Dalili na farko na jiki ne: daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa akwai doguwar hanyar ƙafa rufaffiya da take kai ka gindin gidajen tarihin unguwar, ba sai ka buɗe laima ba. Na biyu kuma dardumar Ardabil ce, wadda aka saƙa a Iran, shekarar 946 ta Hijira a rubuce a jikinta, tsawonta ya haura mita 10. Ba a barin ta cikin haske kullum saboda kada launinta ya koɗe. Ana kunna mata fitila na minti goma duk rabin awa. Ka samu benci ka zauna ka jira. Idan hasken ya zo, furannin da ka ɗauka duhu ne kawai sai su fito ɗaya bayan ɗaya, ka ga irin haƙurin da masaƙan suka zuba. Mai yara kuma yana tsallaka titi ya shiga Natural History Museum ko Science Museum, su ma kyauta.

National Gallery da ke dandalin Trafalgar na mai son tsofaffin zane-zanen Turai ne, kusan 2,300, kuma ana kai ƙarfe tara na dare ranar Juma'a. Tate Modern tsohuwar tashar wutar lantarki ce da aka mayar gidan fasahar zamani a 2000. Wani zai so ta, wani zai fito yana tambayar me ya gani, amma gwadawa ba ta cin kuɗi.

Inda kuɗi yake fara fita shi ne nune-nune na musamman da gidajen suke shiryawa na 'yan watanni. Hanya uku ce a gabanka. Ko ka sayi tikiti ɗaya, ko ka zama mamba na gida guda na shekara ka riƙa shiga duk nuninsa ba ƙarin biya, ko ka sayi katin National Art Pass na ƙungiyar Art Fund da yake rage maka rabin kuɗi a manyan nune-nune na gidaje da yawa. Baƙon mako biyu ba ruwansa da biyun ƙarshe, ya sayi tikitinsa ɗaya ya huta. Mazaunin gari ya duba jadawalin shekara tukuna: idan nuni uku ko huɗu na gida ɗaya sun ja hankalinsa, zama mamba ya fi masa, idan a warwatse suke, katin ya fi. Ka kuma duba ko rajistar tana sabunta kanta daga asusunka idan shekara ta zagayo.

Dare fa, nan ne nake cewa a saki hannu. Gidajen wasan kwaikwayo na West End, wato unguwar wasanni da ke tsakiyar birnin, yawancinsu tsofaffin gine-gine ne, masu kyau ƙwarai, amma kujera mai arha takan kasance can ƙololuwa, gwiwarka tana dukan bayan na gabanka, ko ginshiƙi ya tare maka rabin dandamali. Ana rubuta wannan gargaɗi a jikin tikitin, ka karanta kafin ka biya. Idan ba ka ɗaura zuciyarka a kan wani wasa guda ba, rumfar tikiti da ke dandalin Leicester, wadda aka sani da TKTS, tana sayar da tikitin ranar da rangwame. National Theatre, da aka buɗe gininsa a bakin kogi a 1976, ya fi sauƙin sha'ani, domin kusan ko'ina ka zauna kana ganin dandamali sosai. Wanda na fi ƙauna shi ne ƙaramin zauren Sam Wanamaker da ke harabar gidan wasan kwaikwayo na Shakespeare's Globe. Babban Globe ɗin ba shi da rufi a tsakiya, harkarsa ta bazara ce. Wannan ƙaramin kuwa an buɗe shi a 2014 don lokacin sanyi, mutum kusan 340 yake ɗauka, kuma da kyandir ake haska wasan. Kana jin ƙamshin kakin zuma, kana jin numfashin ɗan wasa. Bencin yana da tauri, wannan gaskiya ne, amma da wuya ka samu irinsa a wani wuri.

Iyaye su lura da wasan da Turawa suke kira pantomime, wanda yake cika gari daga Disamba zuwa farkon Janairu. Sunansa na yara ne, da waƙa da ihu, sai dai al'adarsa ta haɗa da namiji cikin shigar mata da barkwanci mai harshen damo da ake yi don manya. Ka duba shekarun da aka ba da shawara, ka yanke hukunci da kanka. Wanda saurin Turancin dandamali yake ba shi wuya kuma, gara ya sa kuɗinsa a kiɗa: Royal Festival Hall, ko Barbican inda ƙungiyar makaɗa ta London Symphony take zaune. Harabar Festival Hall a buɗe take ga kowa, da kujeru da ɗumi, kuma sau da yawa akan yi wasanni kyauta a can.

Tikitin da na fi yi wa taka-tsantsan shi ne na fitilun waje. Zagayen fitilu na lambun Kew, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, abin kallo ne na gaske, amma doguwar tafiyar ƙafa ce da dare, an ƙayyade maka lokaci tun makonni kafin ranar, kuma ruwan sama ba ya sa a fasa. Mai jariri ko dattijo ya yi tunani sau biyu. Fitilun titin Regent kyauta ne, haka bishiyar da birnin Oslo yake aikowa dandalin Trafalgar duk shekara tun 1947, haka nunin fitilu na unguwar Canary Wharf a Janairu. Waɗannan kana duba sama da yamma, idan gari ya yi kyau ka fita, idan bai yi ba ka bari sai gobe.

Sai kalanda. Yawancin manyan gidajen tarihi a rufe suke daga 24 zuwa 26 ga Disamba, kuma ranar 25 ba jirgin ƙarƙashin ƙasa ba motar bas, don haka kada ka shirya komai mai nisa. Makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara cunkoso ne da tsada. Idan kana da zaɓi, ka jira mako na biyu na Janairu, lokacin da 'yan makaranta suka koma aji, layuka suka gajarta, kujeru masu kyau suka fara samuwa. Wannan sararin yana nan har tsakiyar Fabrairu, sa'ad da hutun rabin zango zai sake cika South Kensington da yara.