Bushin ɗin sitenles ko na alminiyom ga injin yanka tiyo

Malam, tsakanin bushin ɗin sitenles da na alminiyom da ka ce ana yi maka tayi domin injin yanka tiyo, ka ɗauki na sitenles, ko da kuɗinsa ya fi yawa. Bushin shi ne ƙarfen nan mai rami da tiyo ke bi ta cikinsa, yana riƙe shi a wurin da wuƙa ke yankawa.

Ina da wasu guda biyu na sitenles da na sa aka sassaƙa mini domin tiyon roba mai kaurin milimita 12, kuma har yau su ne a kan injina. Ranar da aka ɗaura su na tsaya ina ɗaukar yankakkun tiyon ɗaya bayan ɗaya ina shafa bakinsu da babban yatsa, ban ji ƙaya ko gargada ba, yankan ya fita a miƙe kamar an sa reza. Dalilin shi ne wuƙar tana wucewa tsakanin fuskokin bushin biyu sau dubbai a yini, tana gogar su, kuma sitenles yana jure wannan gogayya ba tare da bakin raminsa ya cinye ba. Ruwan da ke biyo tiyo daga kwamin da ake sanyaya shi bayan an ƙera shi ma ba ya sa sitenles tsatsa.

Na alminiyom kuwa yana da arha da rashin nauyi, iyakar alherinsa ke nan a wurina. Wanda na taɓa saya wuƙa ta ci fuskarsa cikin ɗan lokaci, ya riƙa barin baƙin tabo a jikin farin tiyo.

Sai dai ko wanne ka saya, ɗaurin shi ne rabin aikin. Ramin bushin ya ɗara kaurin tiyo da kaɗan ƙwarai, yadda zai zurma ba tare da cijewa ba, domin idan ramin ya yi faɗi tiyon zai lotse a ƙarƙashin wuƙa yankan ya karkace, idan kuma ya matse zai tokare ya tattare a baya. Ka auna tiyon a daidai inda yake isowa wuƙa, saboda sau da yawa yana iso da sauran ɗumi. Bushin na biyu, wanda ke karɓar yankakken, ya ɗan fi na farko faɗin rami, a kuma ɗan buɗe bakinsa kamar mazurari. Sannan ka kashe wuta gaba ɗaya, ka juya wuƙar da hannu, kana matso da bushin ɗin har ka ji tana shafar fuskokin biyu a hankali ba tare da ta tsaya ba, sai ka ɗaure. Idan abin da kake fitarwa ba zagayayye ba ne, dole a yanka ramin daidai da siffarsa.

Ka yi hattara da masu sayar da baƙin ƙarfe da aka yi wa shafe yana ƙyalli su ce sitenles ne. Ka tafi da maganaɗisu: sitenles mai lamba 304 ba ya kama shi da ƙarfi, baƙin ƙarfe kuwa nan take yake mannewa. Ka kuma zura yatsa cikin ramin, idan ka ji zanen sassaƙa ka ce a goge shi sumul kafin ka biya.